Fabrairun da Kurma Ta Haɗiye

6 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Injiniya, can tsakiyar ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, jirgin naku kuma bai gaji da ɗaukarku ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ba ta amsa sallama da safe. Na san sai ranar Laraba sakatariyar ofishinku za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura muku, don haka bari in shiga magana kafin ta ce na cika surutu.

Mun koma wurin likitan ido da Innarki. Ya ce ciwon sukari ne ya kawo kumburi can bayan idon. Na hagu dai kin san ya riga ya yi nisa, na daman ake son tsarewa. Maganin allura ce a cikin idon kansa, sau ɗaya kowane wata har shekara. Ni da na shekara talatin ina gyaran keken ɗinki, allura ba baƙuwata ba ce, amma da na ji inda za a soka wannan sai da na nemi kujera. Innarki kuwa cewa ta yi, "To, yaushe za a fara?" Ran sha biyar ga watan nan ne. Likita ya ja mana kunne: kada tsakanin allura da allura ya wuce mako biyar, don abin da kumburin ya ci ba ya amayarwa.

Ga inda nake buƙatarki. Ba a ajiye maganin a asibiti, mota ce ke kawo shi daga nesa da sunan mai shi. Akwai wata mata a tagar rajista, na laƙaba mata suna Jan Biro, ita ke yin oda. Ta ce in kawo ranaku goma sha biyu na shekarar gaba ɗaya. Na zauna na rubuta da hannuna, ta juya takardar sama da ƙasa ta ce bakwai ɗina da ɗayana uwa ɗaya uba ɗaya ne, in kawo bugaggiya. Ban yi musu ba. Kin tuna bara na kai Innarki awon jini mako guda bayan ranar, ina ta yi wa mutane faɗa a kan layi?

Tsohuwar kwamfutar da kika bari tana nan a kan teburin aikina. Kurma nake ce mata, don na yi mata magana da lalama na yi da faɗa, ko gezau. In tana iya lissafin ranaku, koya mini yadda ake roƙonta. Ban yarda da kaina a kan idon Innarki ba.

Babanki, mai digirin aji biyar

*

9 ga Janairu

Babana,

Na gaishe ka da kyau, a gaishe mini da Inna. Na karanta wasiƙarka sau uku a bayan injin, inda ba wanda zai ga fuskata. Ni lafiya ƙalau, muna bin wata wayar ƙarƙashin teku da ta tsinke. In mun yi nisa layinmu yakan ɗauke na kwanaki, kada shiru ya tayar maka da hankali.

Kurma za ta yi aikin nan, ba ta da girman kai, tsantseni ne ya yi mata yawa. Ka kunna ta, ka danna hoton ɗan baƙin allo da ke ƙasa. Shel ake ce masa, wurin ba da umarni ne. Sai ka rubuta wannan ƙaramin sikirif ɗin, wato jerin umarni, kana danna babban maɓallin dama a ƙarshen kowane layi:

for i in $(seq 0 11); do
date -d "2025-01-15 +$i month" +%d/%m/%Y
done

Layin farko yana ce mata ta ƙirga daga sifili zuwa sha ɗaya. Na biyu yana cewa ta ɗauki sha biyar ga Janairu ta ƙara masa wata gwargwadon inda ƙirgar ta kai, ta rubuta rana, wata, shekara. Na uku na nufin an gama. Kada ka bar ɗigo ko baka ko ɗaya, kuma inda ka ga fili ka bar fili. Na gwada a nan, ranaku goma sha biyu sun fito daidai.

In ka danna kibiyar sama, abin da ka rubuta zai dawo ba sai ka sake ba. In ranar farawa ta canza, lambar nan ta 15 kawai za ka canza. Daga nan ka kai kwamfutar shagon buga takardu na bakin titi, matar ta san yadda za ta fitar.

Baba, mutumin da ke warware keken ɗinki ya mayar ba tare da ragowar ƙusa ba, layi uku ba za su kayar da shi ba.

'Yarka

*

20 ga Janairu

Injiniya ƙarama,

Gaisuwa daga babban Injiniya. Muna lafiya, Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi ko da ba a sanyi.

Kurma ta yi magana! Amma sai da ta wanke ni tas. Yini biyu ina rubutu da yatsa ɗaya, tana mayar mini da baƙar magana da Turanci. Ashe ɗigon nan mai wutsiya na bari, daga baya kuma alamar nan mai kama da kunne, guda ɗaya na sa wa kwanan watan maimakon biyu, ta tsaya tana kallona kamar mai jiran cikon zance. Ran na uku na danna, sai ga ranaku sun zubo reras. Na yi ihu har Innarki ta fito da ludayi a hannu tana zaton wuta ce ta ja ni.

Sai dai likita ya yi tafiya, an ɗaga allurar farko zuwa talatin da ɗaya ga wata. Kina zaton na rikice? Na danna kibiyar sama kamar wanda aka haifa a ofis, na goge 15 na sa 31. Na ƙirga layukan da bakin sukundireba: goma sha biyu cif. Na rungumi Kurma a tawul zuwa shagon bakin titi, matar ta buga mini biyu. Ta ce, "Baba, wa ya yi maka wannan?" Na ce, "Mu ne nan." Ban ambaci sunanki ba, ki yafe mini, rabona da a yi mini irin wannan kallon tun ina da gashi.

Jan Biro ta karɓa, ta ɗaga gira, ta ce, "Yau ka zo da ta mutane." Na ga tana ta jan layi da bironta a ciki, na ce a raina ga maki nan ana ba ni, wanda malamin aji biyar ya hana ni. Ɗayar takardar na manna ta a bayan ƙofar ɗakinmu.

Yanzu da muka saba da Kurma, na lura fankarta na wani kuka, kamar ƙoshiyar keken ɗinki ta sha ƙura. Na duba ƙasanta, ƙusa takwas ne kawai. Ina jin ranar Asabar zan buɗe ta in ɗiga mata man keke kaɗan, ta san ta shigo hannun masu sana'a.

Babanki

*

3 ga Fabrairu

'Yata,

Ina gaisuwa. Laraba biyu ke nan ina zuwa ofishinku, sakatariya na girgiza mini kai tun daga bakin ƙofa. Kin ce kada shiru ya dame ni. To, bai dame ni ba, cin abinci kawai ya rage mini.

An yi allurar farko ranar Juma'a, lafiya lau. Innarki ta shiga da ƙafarta ta fito da ƙafarta, ni ne ma'aikaciyar jinya ta ba ruwa. Kurma kuma ban buɗe ta ba, Innarki ta ɓoye mini sukundireba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Innarki na tsefe kai ta ce, "Makaniki, ta gaba yaushe ce?" Na je bayan ƙofa da taƙamata, na sa yatsa a layi na biyu. Uku ga wata na uku. Na goge tabarau na sake dubawa. Talatin da ɗaya ga Janairu, sai uku ga Maris, sai talatin da ɗaya ga Maris. Babu Fabrairu, 'yata. Na bi takardar har ƙasa: babu Afrilu, babu Yuni, babu Satumba, babu Nuwamba. Wasu watannin kuma sun ci biyu biyu kamar 'yan gaban goshi. Amma in ka ƙirga, goma sha biyu ne. Ƙirgar nan ce ta cuce ni, ban taɓa karanta su ba, ƙirga su kawai na yi.

Na ce wa Innarki, "Farkon wata mai zuwa." Ta ce to. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban faɗa mata gaskiya ba.

Na lissafa da yatsu, daga Juma'ar nan zuwa uku ga Maris kwana talatin da ɗaya ne, bai kai mako biyar ba. Wataƙila Kurma ta san abin da take yi, ni ne mai aji biyar. Wataƙila kuma wani ɗigo na ɓata. Na sake rubutawa tun daga farko sau shida, amsa ɗaya take ba ni.

Ki gaya mini: in koma wurin Jan Biro ne, ko in bar takardar yadda take? Ba na son in je in tayar da ƙura a ce tsohon nan ya dawo da shirmensa. Ki amsa da wuri don Allah.

Babanki

*

Baba, layi zai ɗauke yanzun nan. Don girman Allah kada ka taɓa komai. Ka bar ta yadda take, ba abin da ya same ta, haka take yi. Zan rubuto da bayani.

'Yarka

*

13 ga Fabrairu

'Yata,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Guntuwar takardarki ta iso ran biyar ga wata. Saman ya yanke a wurin bugawa, ko kwanan wata babu, amma saƙon ya fito sarai: kada in taɓa, haka take yi. Na ji sanyi, na kuma ji kunya. Na ce ka ji ko, Makaniki, yarinya na tsakiyar teku tana aikin manya kana damun ta da Fabrairu. Na naɗe hannu na zauna.

Jiya na je asibiti karɓo maganin ɗigawa. Da zan wuce tagar rajista na ce bari in gaisa, in ɗan ji daɗin bakina. Na ce, "Ranki ya daɗe, sai uku ga wata ke nan." Jan Biro ta buɗe fayil ta ce, "Wane uku? Talatin da ɗaya ga Maris." Ta juyo mini takardata. Layukan nan da na ɗauka maki ne, soke ranaku take yi. Guda biyar ta soke. Ta ce doka allura ɗaya ce a wata ga mutum ɗaya, kuma a aikinta in ta ga rana biyu a wata guda, ta ƙasan ce gyara, ta saman kuskure. Shekara goma sha takwas haka take yi.

Na ce to Fabrairu fa? Ta ce, "Ai ba ka nema ba." Na ce ina nema yanzu. Ta ce motar magani sau biyu take zuwa a wata, makon farko da makon ƙarshe, kuma odar motar ƙarshen Fabrairu an rufe ta ran goma. Shekaranjiya waccan ke nan. Da na zo ranar da na rubuto miki, ko ran tara ma, da an sa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, mako takwas fa ke nan. Likita ya ce biyar." Ta ce ita ba ta gyara da baki, in ina da canji in kawo sabuwar bugaggiyar takarda. Wanda ke bayana a layi ya ce, "Tsoho, ka gama ko za ka kwana?" Ban san yadda na sauko matakala ba.

Ba laifinki nake gani ba, kada ki karanta haka. Ni na sa 31 da hannuna, ni na tsaya ina murmushi ana soke idon matata da jan biro.

Yau da safe na ga Innarki tana neman ramin allurar ɗinki, ta kai zare sau huɗu bai shiga ba. Wataƙila da ma haka take yi ban lura ba. Yanzu komai ta yi ido nake sa mata, har ta ce, "Lafiya kake bi na kamar kaza mai ƙwai?" Na ce so ne. Ta ce, "A shekarun nan? Je ka auna jininka."

Na kasa gaya mata. Ki rubuto.

Babanki

*

18 ga Fabrairu

Injiniya,

Gaisuwa. Ba amsarki har yau, don haka na karya dokarki, na taɓa. In za ki yi faɗa ki haɗa duka ki yi sau ɗaya.

Na ce a raina, keke in yana tsallake ɗinki ba a zaginsa, abu ɗaya ake canzawa a gwada, a sake canza ɗaya a gwada. Na zauna da Kurma bayan karin safe. Na mayar da 15 ɗinki: wata goma sha biyu, kowa na gidansa. Na sa 20, daidai. Na sa 28, daidai. Na sa 29, sai Fabrairu ya yi layar zana, ɗaya ga Maris ta zauna a kujerarsa. Na sa 30, biyu ga Maris. Na sa 31, uku ga Maris.

Nan na ajiye tabarau. Ashe baiwar Allah ba ta yi ƙarya ba, wauta ce irin ta mai biyayya. An aike ta gida mai lamba 31 a layin Fabrairu, layin kuma a 28 ya ƙare. Maimakon ta dawo ta ce babu, sai ta ci gaba da taku uku ta ƙwanƙwasa ƙofar mutanen Maris. Haka ta yi wa duk watan da bai kai talatin da ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina.

Daga nan dabara ta zo. Fabrairu ya tafi, amma allurar Maris tamu ce. Wa ya ce sai ƙarshen wata? In aka sa ta a motar makon farko, ai ranar Kurma ta uku ga wata ta dawo. Na sa 2025-03-03, don kowane wata yana da uku, ko Fabrairu mai rowa. Sun fito sha biyu, mu kuma sha ɗaya suka rage mana. Na daɗe kafin in gane 11 ɗin zan mayar 10, saboda ita daga babu take fara ƙirga. Wannan karon na karanta kowane layi da ƙarfi, har da sunan watan.

Kafin in fita na zaunar da Innarki na gaya mata komai. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi inda zan sa fuskata. Ta ce, "Kwana goma sha shida kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Idon nawa ne ko naka?" Na ce naki. Ta ce, "To, ɗauko mini mayafi."

Tare muka je tagar. Na ce wa Jan Biro, a gaban layi guda, takardar farko kuskurena ce. Ta bi sabuwar da bironta daga sama har ƙasa, ba ta sami abin sokewa ba, har na ga kamar abin ya ɗan ɓata mata rai. Ta ce odar motar makon farko ran ashirin ake rufewa, mun tsira da kwana biyu. Ta ce amma ita ba ta tuƙa mota, wani lokaci ran ɗaya take zuwa, wani lokaci ran tara. Innarki ta leƙa tagar ta ce, "'Yar nan, ki rubuta dai da kyau, sauran na Allah ne." Jan Biro ta ce, "To, Inna." Ni shekara guda ina zuwa ban taɓa samun "to" ba.

Mako biyar zai cika ran bakwai ga Maris. Yanzu mota muke jira.

Babanki

*

21 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ku, ina neman gafara. Yau layi ya dawo, wasiƙunka uku suka faɗo mini a tare. Na karanta su a tsaye, na ƙare a zaune a ƙasa.

Baba, guntuwar takardar nan ba amsar Fabrairu ba ce. Tun ashirin da huɗu ga Janairu na rubuta ta, da na karanta za ka ɗiga wa kwamfuta man keke. Fanka nake nufi, ita ce haka take yi. Layi ya ɗauke kafin ta fita, ta kwana goma sha biyu a hanya, ta iso maka a ranar da ba ta dace ba. Ban ga tambayarka ba sai yau.

Kuma kuskuren nawa ne tun daga tushe. Ni na ce ka canza lambar kawai. Na san halin umarnin nan da ƙarshen wata, ya taɓa ba mu kunya a wurin aiki, amma da 15 na gwada, na ga ya yi, na aiko ban yi maka gargaɗi ba. A wasiƙarka ma ka rubuta 31 ƙuru-ƙuru, idona ya tsallake ya tafi kan man keke.

Abin da ka gano daidai ne, babu ragi. Yadda ka bi shi lamba lamba, haka ake koya mana, sai dai mu an ba mu takardar shaida. Uku ga wata lafiyayyar rana ce, 10 ɗin ma daidai. Ba ni da abin gyarawa.

Na nemi shugabanmu ya sauke ni in mun je shan mai, ya ce sai tsakiyar Maris. Ka gaya wa Inna... a'a, ka karanta mata wannan duka, har da inda na ce laifina ne. Kada ka tsallake, na san ka.

'Yarka

*

7 ga Maris

'Yata Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Innarki wasiƙarki ban tsallake ba. Ta ce mu raba laifin biyu kowa ya riƙe nasa, ita ba ta da wurin ajiya.

Litinin uku ga wata muka je tun da hantsi. Ba mota. Talata ba mota. Na sami benci a baranda inda ake hango ƙofar baya, na koyi kukan kowace mota da ke shiga asibitin nan. Ta kwasar shara ma sau biyu na miƙe mata. Laraba Innarki ta ce ba za ta sake wanka da shiri don ta je ta gaishe da benci ba, na tafi ni kaɗai. Na dawo na tarar ta rufe idon hagu da tafin hannu tana kallon kalandar bango. Da ta ji motsina ta sauke hannun ta ce ƙura take dubawa.

Jiya Alhamis wajen sha ɗaya, ina zaune, sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Jan Biro ce ke yafito ni da bironta. Ta ce, "Ta shigo ta ɗaya ƙofar. Je ka ɗauko Inna, na sa ta a farko." 'Yata, gwiwar nan tawa ta hagu ba ta san ta iya gudu ba sai jiya. Kwana talatin da huɗu.

Kafin allura sai an auna gani. Allon nan ne mai alamu masu ƙafa uku, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafun suka fuskanta. A Janairu Innarki ta kai layi na shida. Ta yi na ɗaya zuwa na huɗu kamar wasa. A na biyar ta fara jinkiri. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba, ina tsaye a gefen allon ina nuna mata hagu, ina nuna mata sama. Ma'aikaciyar jinya ta juyo ta ce, "Baba, satar amsa kake ba ta a gwajin ido?" Innarki ta ce, "Ku fitar da shi, da ma rabin abin da yake nunawa ba daidai ba ne." Aka fitar da ni.

Minti arba'in na yi a baranda. Da likita ya kira ni ya ce ta gama na biyar da kanta, a na shida ta sami uku cikin biyar. A Janairu huɗu ta samu. Na ce ɗayan nan fa, ni na ci shi? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, irin wannan yakan hau ya sauka, watan gobe za a gani. Ya ce kumburin bai ƙaru ba, kuma da mun kai ƙarshen Maris da ba wannan hirar muke yi ba. Na so ya ce ba ni ba ne. Bai ce ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Innarki ta fito da auduga manne a idon dama, na hagun kuma kin san hazo kawai yake gani. Lif ɗinsu ya lalace, hawa biyu za mu sauka. Na kama hannunta na ce, "Kada ki ji tsoro, matakala goma sha ɗaya ce sai kwana."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Sha biyu ce. Na ƙirga da muna hawa. Kai dai riƙe ni da kyau, Makaniki, ni zan ƙirga."

Sha biyu ce.

Babanki